Dunƙulen Jar Ƙasa

Har zuwa daminar da Yaya ya rasu, abin da na yarda da shi shi ne wanda ya san maganar mutane ya san mutanen, wanda kuwa ya san su yana cikinsu, ko da ya daina kwana a unguwarsu. Da wannan yardar na shafe fiye da shekara ashirin ina zaune a wani gefen Ibadan, nesa da Sabo, unguwar Hausawan garin, ba tare da na taɓa jin cewa na bar ta ba.

A Sabo aka haife ni, a gida mai ɗakuna jere da rijiya ɗaya a tsakiya. Mahaifinmu sana'ar goro yake yi, mahaifiyarmu kuwa, wadda muke kira Inna, daddawa take yi a cikin gida. Mu biyu ne 'ya'yansu da suka rayu, Yaya da ni, shekara shida tsakaninmu. Shi ya ƙi makaranta tun daga aji huɗu, ba don an hana shi ba, don dai zaman benci yana sa masa ciwon kai. Ya bi masu albasa zuwa kasuwar Bodija, a can ya yi furfura. Ni na yi ta karatu har jami'a, na zama malamin Hausa a wata kwalejin horar da malamai, inda kusan duk ɗalibaina Yarbawa ne. Na yi aure, auren bai daɗe ba. 'Ya'yana biyu suna Ikko tare da mahaifiyarsu, idan mun yi waya da Turanci muke gaisawa. Gidan da nake haya ɗaki biyu ne da falo, kuma a layinmu kaf babu wanda zan yi wa magana ya amsa da harshena.

Abin da ke cike mini yammaci wani aiki ne da babu wanda ya sa ni. Ina tattara kalmomin Hausar Sabo a kan ƙananan katuna, kowace kalma da katinta, ina jera su a kwalayen takalmi. Duk Juma'a a Sabo nake salla, bayan an idar in zauna a bakin shagon wani in saurara, in koma gida in rubuta. Yaya ya sani, kuma bai taɓa gajiya da tsokanata ba. Furofesa yake kirana, alhali ko kusa ban kai ba.

"Furofesa, wai har yanzu kana tsintar maganar mutane kana zubawa a kwali? To idan kwalin ya cika, wace kasuwa ake kai shi? Don in nema maka dillali."

"Yaya, ai ba na sayarwa ba ne."

"Shi ya sa ka rame."

Katin da na fi alfahari da shi shi ne na kalmar dunƙule, don sai da na manna masa na biyu kafin ya ɗauke abin da na tara. Da Inna na fara. Yarbawa maƙwabtanmu a warwatse suke sayar da tasu daddawar, ƙwaya-ƙwaya, suna kiranta iru. Inna kuwa sai ta daka tata ta yi laushi, ta ɗebo da yatsu uku, ta mulmula a tafin hannu har ta yi sumul, ta jera a faifai. Tun ina rarrafe nake ganin wannan, shi ne dunƙulen farko da na sani. Na biyu hannun Yaya ne, ranar da wasu yara suka tare ni a Mokola suka ƙwace mini jakar makaranta. Bai doki kowa ba, dunƙule hannun kawai ya yi ya ɗaga, suka ajiye jakar. Daga nan katin ya bazu. Ɗan abin ɗanɗanon miya da mata ke aike a sayo, sunansa ya koma dunƙule. Mara lafiya ya dunƙule a kan tabarma. Wanda ba ya son dogon bayani ya ce a ba shi labari a dunƙule. Na taɓa ɓata mako guda ina muhawara da kaina a kan ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, ya matse takardarsa a hannu ya jefa ta taga: dunƙule ta ya yi ko cukuikuye ta? Na yanke cewa cukuikuyewa ce, don akwai fushi da ɓarna a cikinta, dunƙulewa kuwa tarawa ce, ana yinta don abu ya riƙe kansa. Na ji daɗin wannan bambancin ƙwarai. Ban sami wanda zan faɗa wa ba.

A can ƙasan kati na biyu akwai layi ɗaya tak: dunƙulen ƙasa, wanda ake toshe kabari da shi.

Ga wanda bai taɓa tsayawa kusa ba, ga yadda muke yi. Kabari rami biyu ne, babba a sama, ƙarami a cikinsa daidai kwanciyar mutum. Idan an kwantar da mamaci a ƙaramin, sai a jera itatuwa a gicciye a bakinsa, ɗaya kusa da ɗaya, kamar rufin ɗaki. Itace kuwa ba ya miƙewa sak, dole a sami kafa a tsakani. Saboda haka kafin a tura busasshiyar ƙasa, sai wasu su tsuguna a gefe su kwaɓa ƙasa da ruwa, suna dunƙulawa suna miƙawa hannu zuwa hannu har ga wanda ke cikin ramin, shi kuma yana toshe kafofin, don kada ƙasa ta zubo a kan wanda ke kwance. Ba aikin malamai ba ne, ba a kuma naɗa kowa a kai. Amma kowace unguwa tana da mutanen da aka sani da shi, a tamu kuwa Yaya ne kan gaba. Ko ana tsakiyar sauke masa mota a Bodija aka ce an yi rasuwa, zai bar wa abokan aikinsa ya taho. Yana da wata tsohuwar riga da ya ware don haka, wadda asalinta fara ce.

Ni ma ina da nawa aikin a maƙabarta. Da zarar an sauke makara, Yaya zai kwance agogonsa, ya cire hularsa, ya miƙo hannu gefe ba tare da ya kalle ni ba. "Furofesa, riƙe." Da mutane suka ga haka, su ma suka riƙa miƙo nasu. Da farko agoguna ne da huluna, daga baya wayoyi suka shigo. Nakan tsaya a gindin wani mangwaro da aljihuna cike, wani lokaci agogo uku a hannu ɗaya, ina jira a gama. Na ɗauki wannan amana, kuma amanar ce: ba a taɓa cewa kayan wani sun ɓata a hannuna ba.

Ina tunawa sarai yadda abin ya fara. Ranar da aka binne mahaifinmu ina shekarar farko a jami'a, na zo da farar shadda sabuwa. Da aka fara kwaɓa ƙasa na matsa na sunkuya, Yaya ya tare ni da gwiwar hannu. "Bari, za ka ɓata kayanka. Riƙe mini wannan." Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne sanyin da na ji a raina a lokacin. Ban sake sunkuyawa ba, shi ma bai sake hana ni ba, tunda babu abin hanawa. Har yau ban sani ba ko tausayina ya ji, ko kuwa a ranar ya gama auna ni ya wuce wurin.

Ranar Inna ma haka aka yi, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Yaya yana tsugune hawayensa na sauka a cikin ƙasar da yake kwaɓawa, ni ina gindin mangwaro da wayoyin mutane, ɗaya tana ta ruri a aljihuna. Ni ma na yi kuka, kada a ce ban yi ba. Amma na ji tsohon da ke kula da maƙabartar ya kira babban ramin uwa, ƙaramin kuma 'ya, sai kunnena ya cafke. Kafin sadakar uku na rubuta shi a kati. Irin mutumin da nake ke nan.

Da hantsi Yaya ya faɗi a Bodija, ana sauke masa albasar da ta iso daga Arewa. Wai ya ce kansa na juyawa, ya zauna a kan buhu ya jingina. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ina cikin aji, wayata tana ofis, sai da na fito na tarar an yi ta nemana. An yi ruwa da safe, hanya ta cushe, a shataletalen Mokola kaɗai na kusa awa guda. Ko da na isa gidanmu na Sabo an riga an yi masa wanka, an sa shi a likkafani. Abokan kasuwarsa ne suka yi, da limamin layinmu. Suka buɗe mini fuskarsa na gani, suka rufe. 'Ya'yan Yaya huɗu ne, duka mata, saboda haka namijin da ya rage a gidanmu ni ne, kuma kawo wannan lokaci babu abin da hannuna ya yi masa.

Bayan la'asar aka yi masa salla. Sahu ya cika titi, mutanen Bodija sun zo da yawa, Hausawa da Yarbawa. A ƙofar maƙabarta da aka sauko da makara daga mota na kutsa na sa kafaɗa, amma na gabana da na bayana sun fi ni tsawo, nauyin bai sauka a kaina ba. Da kayan aikina nake, kaftani ruwan toka, takalmi sau-ciki da safa.

Aka kwantar da shi, aka fara jera itace. Tsohon maƙabartar, wanda kowa ke kira Baba, ya dubi tulin jar ƙasa da jarkokin ruwa, sannan ya dubi jama'a.

"To, mai kwaɓa mana ƙasa yau shi ne a kwance. Ina mutanen gidan?"

Kafin in motsa, wani abokin Yaya mai sayar da doya ya zo wucewa yana naɗe hannun riga, ya cusa mini wayarsa da hularsa. "Malam, riƙe mini." Bai yi da wata manufa ba, abin da hannunsa ya saba ne. Nawa hannun ma abin da ya saba ya yi, ya karɓa. Na tsaya da hular mutum a hannu, ni ƙanin mamaci, ana tambayar ina mutanen gidan. Sai na bi shi na mayar masa.

"Yau ni ma zan yi."

Ya kalle ni, ya kalli kaftanina. "To, Allah ya ba da lada," in ji shi, ya kifa hularsa a ka, ya zura wayar a aljihu.

Na cire takalmi da safa. Na kwance agogona na miƙa hannu gefe, kamar yadda na ga Yaya yana yi shekara talatin, ba tare da na kalli wanda zai karɓa ba. Hannun ya tsaya haka nan. Ba wai wani ya ƙi ni ba ne. Hankalin kowa yana kan ramin, kuma mutumin da aka sani da karɓar agogo a Sabo shi ne yau yake miƙawa. Na sunkuya na sa shi a cikin takalmin, na cusa safa a kai.

Mu uku muka tsuguna, ni da mai doya da wani mutumin kasuwa. Suka zuba ruwa suka cakuɗa, na sa hannu. Ƙasar tana da sanyi, ruwan safe bai gama barinta ba. Ban tambayi kowa ba, don a ganina babu abin tambaya: dunƙule ne, na san shi, kati biyu gare ni a kansa. Hannuna ya yi abin da idona ya fi sani, wato abin da Inna ke yi. Na ɗebo kaɗan, na tsince tsakuwar da ke ciki na yar, na mulmula a tafin hannu har ya yi sumul, bai fi ƙwan agwagwa ba. Ina jin kunyar faɗa, amma har wani ɗan daɗi na ji da ya fito da kyau. Na miƙa, ya bi hannu zuwa hannu, na bi shi da ido har ya isa ga wanda ke cikin ramin. Ya ɗora shi a kan kafar da ke tsakanin itace biyu, ya danna da babban yatsa. Sai ya sulale ciki.

Ƙarar ba ta da yawa. Tim, kamar nunannen mangwaro ya faɗo a kan tabarma. Amma wurin shiru yake, duk wanda ke bakin ramin ya ji.

"Subhanallahi. Wa ya cura wannan?" in ji Baba.

Kowa ya san hannun da ya yi shi. Dole aka ɗage itace biyu da aka riga aka jera. Na cikin ramin ya durƙusa ya zura hannu, ya lalubo dunƙulen ya jefo waje. A ɗan lokacin da itacen ke ɗage na miƙe na leƙa: jan tabo a kan farin likkafani, daidai kafaɗa. Mutumin ya yi ƙoƙarin gogewa da bayan hannu, tabon ya ƙara faɗi. Aka mayar da itacen. Da wannan tabon Yaya ya tafi, kuma shi ne abu na farko da hannuna ya yi masa a ranar.

A bayana wani ya ce a hankali, "Alakowe." Kalmar Yarbanci ce ta ɗan boko mai alƙalami, wadda Sabo ta daɗe da arowa. Tana cikin kwalin farko a gidana, har da misali biyu.

Na koma na tsuguna. Mai doya ya matso da kansa kusa da nawa.

"Malam, pele, sannu. Tashi ka huta, mu za mu ƙarasa. Yau ranar kuka ce gare ka, ba ranar aiki ba. Ga inuwa can."

Da alheri ya faɗa, kuma ƙofa ce mai faɗi ya buɗe mini. Da na tashi babu wanda zai zarge ni, za a ce baƙin ciki ne ya sa hannunsa rawa. Na dubi mangwaron, na san kowace saiwarsa. Na kuma san idan na koma gindinsa yau, to can zan tsaya har ranar da za a kawo ni, Yaya kuwa zai shiga ƙasa ba tare da ko mutum ɗaya na jininsa ya rufa masa ba. Ban dai tashi ba.

Baba ya baro bakin ramin ya zo ya tsuguna a gabana. Tsoho ne siriri mai faso a dugadugai, fuskarsa babu fara'a.

"Kai ne ƙanin?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara nawa kana zuwa nan?"

"Da yawa."

"Ina ganinka can gindin bishiya kamar mai shagon agogo. Duk shekarun nan ba ka taɓa kallon hannun yayanka ba?"

Gaskiyarsa ce. Duk shekarun nan bakin mutane nake kallo, ba hannunsu ba.

"Ba tallar fura za mu ba. Buɗe hannu, duka biyun." Ya kamfato ƙasa ya zuba mini, nauyinta ya ba ni mamaki. "Tsakuwar da kake tsincewa, wa ya sa ka? Ƙasar nan ba irin ta Arewa ba ce, tsakuwar ce ƙashinta, in ka cire ta zubewa za ta yi. Matse. Sau biyu ya isa. Kada ka shafe shi, mai sulɓi ba ya kama itace. Yanzu buga shi a tafinka ya yi faɗi. Miƙa."

Abin da ya fito mummuna ne, ƙato, da shatin yatsuna a jikinsa. Ya bi hannu zuwa hannu. Na cikin ramin ya maka shi a kan kafar, ya zauna daram.

"Wani," in ji Baba, ya miƙe ya koma inda ya baro. Bai ce madalla ba.

Na yi ta yi. Gwiwoyina suka fara ciwo, bayana ya ƙage, tsakuwa ta yanke ni a gindin yatsa. Akwai abin da ban sani ba sai a ranar: idan aiki ya kankama, mai dunƙule ba ya ganin kabarin. Kansa a sunkuye yake, abin da yake gani ƙasa ce da hannun da ke jiran karɓa. Shekara talatin ina tsammanin Yaya ne ke ganin komai ni ina daga nesa, ashe ni da ke tsaye na fi shi gani. Inna ta tafi bai ga rufewarta ba. Ni ma ban ga rufewar tasa ba. Ina cikin matse wani sai na ji Baba ya ce, "Ya isa, ya toshe." Na ɗago na ga babu sauran itace, sai jar laka da shatin yatsu birjik. Ban san dunƙulen wa ya rufe kafar ƙarshe ba. Wanda ke hannuna na rasa yadda zan yi da shi, na ajiye shi a kan tulin, aka tura shi tare da sauran ƙasar.

Aka yi addu'a aka watse. Mai doya ya tsiyaya mini ragowar ruwan jarka na wanke hannu, ni ma na tsiyaya masa. Agogona yana nan inda na bar shi.

Kwana uku na zauna a kan tabarmar makoki a ƙofar gidan da aka haife ni, jan ƙasa maƙale a farcena. Mutane suna zuwa suna tafiya. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa bayan na bar unguwar sukan fara miƙa wa abokan Yaya hannu, su yi musu ya haƙuri, sai an ce musu ga ƙanin nan kafin su juyo gare ni. Ina jin kalmomi suna wucewa ta kunnena, irin waɗanda da can zan yi wuf in cafke. Na bar su suka wuce.

Ran sadakar uku da yamma matar Yaya ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, saboda haka daga bayan labule ta yi magana, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Mace ce mai baki, ƙuli-ƙulinta ya yi suna a layinmu, kuma shekara da shekaru muna wasan ƙanin miji da ita, amma a ranar muryarta ta dushe. Ta turo wata baƙar leda ta ƙarƙashin labulen.

"Malam, ga rigar maƙabartarsa. Na wanke ta har hannuna ya gaji, jan ba ya fita."

"Shi ya ce a ba ni?"

"Ina ya ga lokacin cewa? Mutumin da ya fita ko kokonsa bai shanye ba. Ni ce dai ba na son in buɗe ido in gan ta a ƙusa. Kuma ba ni da ɗa namiji, ka sani."

Na sunkuya na ɗauki ledar.

"Ka san abin da yake cewa? Wai shi ranar da ya mutu hankalinsa kwance, ya san agogon kowa zai koma gida lafiya, tunda Furofesa na nan." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Wasa yake yi."

"Na sani."

"An gaya mini abin da ya faru a can."

Na jira.

"An ce sun ce ka tashi, ka ƙi."

Ban sani ba ko an gaya mata tabon. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara komai ba, sai dai na ji tana jan carbi.

A gida na buɗe ledar. Rigar a cukuikuye take, kamar yadda ta fizgo ta daga ƙusa ta cusa. Na warware ta na gwada a gaban madubi: ta yi mini yawa, hannayenta sun rufe yatsuna. Ƙamshin sabulu take yi, da wani abu a ƙarƙashinsa da na san albasa ce. Na ɗauko kwalin, na zaro katin dunƙule, na ɗora a tebur da alƙalami. Ina da abin rubutawa, fiye da duk abin da ke kan katin: hannu biyu, matsa biyu, a bar tsakuwa, kada a shafe. Na zauna a gabansa har aka kira magariba a wani masallaci mai nisa. Ban sani ba ko kunya ce ta hana ni, ko kuwa tsoron kada in mayar da Yaya misali a ƙarƙashin kalma kamar yadda na yi wa Inna. Na mayar da katin wurinsa.

Bayan wata biyu aka yi rasuwa a Sabo, a layin da ke bayan gidanmu, wani tela da ban taɓa magana da shi ba. Babu wanda ya kira ni, a masallaci na ji ran Juma'a. Na je motata, inda na ajiye rigar tun ranar, na sa ta, na naɗe hannayenta sau uku, na bi jama'a. Baba ya gan ni, ya nuna mini jarka da haɓa.

Yanzu rigar a bayan motata take zama. Kwalayen suna nan, katin dunƙule yana yadda yake. Har yanzu a can gefen gari nake kwana ni kaɗai, har yanzu akwai masu ce mini alakowe. Idan an yi rasuwa a Sabo na ji, nakan je in tsuguna wurin ƙasa tare da mai doya. Gindin mangwaron babu mai tsayawa, kowa da wayarsa a aljihu yake aiki. Agogona a cikin takalmi nake sa shi.